Gilashin da ya kai ni Damagaram

Ina tsugune a ƙofar rumfarmu ta Bompai ina goge bakin wani gilashi da dutse, ma'aikatan kamfanin man gyaɗa sun fara fitowa cin abincin rana, sai wani dattijo mai baƙin rawani ya tsaya a kaina ya yi sallama. Ya ce, "Kai ne Habu, ƙanin Ado mai gilashi?" Na ce ni ne. Ya sa hannu a aljihu ya fito da alƙalamin yankan gilashi, mai ƙotar katako da ɗan lu'ulu'u a baki, ya miƙo mini da hannu biyu. Yaya Ado bai taɓa ba kowa aron wannan alƙalami ba, har ni. Da na gan shi a hannun baƙo na san sauran maganar.

"Sunana Malam Mamman, dabino nake kawowa daga Damagaram. Mota ɗaya muka taso da yayanka. Motar ta faɗa rami, gilashin gabanta ya fashe ya yanke shi a wuya. Kwana uku ke nan da muka binne shi. Allah ya ba ku haƙuri."

Tun da na dawo daga tafiyar da wannan labari ya sa na yi zuwa Damagaram, mutanen Sharada da direbobin Bompai ba su bar ni na huta ba. Yaya ƙasar Faransa, kamar yadda suke kiran can? Da gaske ne burodinsu ya kai kamu guda? Wasu don zumunci suke tambaya, wasu don su sami abin hira a wajen mai shayi. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na ba da labarin da baki akwai wurin da nake tsallakewa. Ga shi nan a rubuce sau ɗaya, ba tsallake. Karatuna bai wuce elementare ba, a karɓe shi yadda ya zo.

Sana'armu gilashin gaban mota ce, musamman na tsofaffin motocin da kamfani ya daina kawo kayansu. Yaya yakan bi bayan gidajen Turawa da Kwarori, inda mota ta mutu har kaji suna saka a cikinta, ya sayi gilashin ya ciro, mu adana har mai bukata ya zo. Shi ya koya mini rarrabe su. Na gaske falle biyu ne da danƙo a tsakani. In ka ƙwanƙwasa shi da zobe ba ya amsawa, in ya tsufa danƙon yakan yi launin zuma a gefe, in ya fashe kuma tsagewa kawai yake yi, ba ya sakin ko ɓarɓashi. Akwai wani da in ya fashe ya zama kamar tsakuwar gishiri, shi ma ba laifi. Sai gilashin taga, wanda ba na mota ba ne ma. Yana ƙara kamar tasa in ka taɓa shi, in ya fashe wuƙaƙe yake zama. Dokar Yaya biyu ce: gilashi a tsaye yake tafiya, ba a kwantar da shi, kuma ba a sa wa mota gilashin taga ko da mai ita zai yi kuka. Kowannenmu yana da alamar da yake kartawa a kusurwar ƙasa ta aikinsa, don in aiki ya dawo a san hannun wane ne. Tasa layi ɗaya, tawa layi biyu.

Abin da ya fitar da shi daga Kano wata baƙar mota ce ta Alhaji Sule na Dorayi, wadda ya gada wajen mahaifinsa, ƙirar kafin yaƙin duniya. Gilashinta mai firam ɗin tagulla ne, ana tura shi gaba ya buɗe don iska ta shiga. Ya fashe, duk Kano babu irinsa. Wata uku Alhaji yana aike, yana cewa ba ya iya barci in ya tuna motar mahaifinsa ba fuska. Yaya ya ji labarin akwai 'yar uwarta a mace a bayan gidan wani Bafaranshe da ya bar Damagaram, ya ɗauki alƙalaminsa da sukundireba ya tafi.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "Ka je ka ga inda aka kwantar da shi. Kuma kada ka dawo ka ce mini ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce. Ina so in ji wane ne ya sa gilashin." Na ce mata ko a rami yake sai na tono shi. A zuciyata na riga na yanke cewa aikin wani mugu ne na can, wanda bai san darajar rai ba.

Muka tashi daga tasha da hantsi, ni da Malam Mamman da ya gama sayar da dabinonsa, a wata babbar mota mai ɗauke da goro da atamfa da alewar Bompai. Kafin in hau sai da na zagaya gaba na ƙwanƙwasa gilashinta da zobena. Direban ya leƙo ya ce, "Malam, sayen motar za ka yi ko shiga?" Ban kula shi ba. Kafin Kazaure taya ta fashe, jak ɗinsu kuma ya ƙi ɗagawa, muka sauka muna tattaro duwatsu kamar masu ginin rijiya. A Daura muka yi azahar, na sha fura ban ji ɗanɗanonta ba. Wani mai goro da ke kusa da ni ya dame ni da labarin haɗurran da ya tsallake, ɗaya bayan ɗaya, yana dariya. Malam Mamman ya taɓa gwiwarsa ya raɗa masa magana, sai mai goron ya miƙo mini goro fari. Na karɓa don kada in ba shi kunya.

Mun kwana a gefenmu na iyaka saboda wancan jinkiri. Washegari aka duba kaya, aka bar mu muka wuce, muka isa wajen mutanen can daidai rana ta take tsaka, sai muka tarar da ƙofar ofis a rufe. Ashe al'adar da Faransawa suka bar musu ke nan: in rana ta yi tsaka kowa ya tafi ya kwanta, sai wajen la'asar a buɗe. Muka zauna a gindin ƙaya muna kallon ƙofa. A Bompai in ma'aikaci ya yi haka, kafin ya farka an ba wani aikinsa. Da mai ofishin ya zo yana hamma, ya nemi katina mai hoto, ni kuwa takardar haraji kawai gare ni. Ya juya ta gaba da baya, ya tambayi abin da zan je yi. Na ce kabarin ɗan'uwana zan gani. Ya dube ni, ya buga hatimi, ya ce Allah ya jiƙansa. Da Hausa ya faɗa, Hausar da ta fi tawa nauyi.

Da muka tashi na ga direba ya bar hannun hagu ya koma dama ya miƙe. Na buga allon motar na ce kashe mu zai yi. Duk mota ta fashe da dariya. Malam Mamman ya ce, "Zauna, Habu. Nan ƙasar a dama ake tafiya." Na zauna da haushi. Hanya ɗaya, yashi ɗaya, mutanen da ke gefenta dangin juna, amma an sa mota ta riƙa sauya hannu kamar mai ɗaukar tulu.

Kafin Matamai Malam Mamman ya roƙi direba ya tsaya a wani ɗan ƙauye. Ramin da motar ta faɗa bai kai ƙuguna ba. Mai gari ya fito da kansa ya raka mu. Ya ce raƙumi ne ya gitta, direba ya kauce, motar ta gangara a hankali ta dunguri gaɓa. Ba wanda ya ko ƙuje. Akuyar da ke ɗaure a saman kaya ma ba ta yi ɗingishi ba. Yaya ne kaɗai. Sun yi masa wanka, wata tsohuwa ta ba da farin ƙyallen da ta ajiye wa kanta, sun rufe kabarin da ƙaya saboda kura. Na nemi abin da zan yi musu fushi a kai ban samu ba. Ina cikin addu'a direbanmu ya fara danna ham, ya danna, ya sake dannawa. Allah ne ya riƙe ni a ranar.

Da za mu koma mota na ga wani abu yana ƙyalli a cikin yashi. Na tono shi. Ɓallin gilashi ne mai tsawon tafin hannu, mai tsini, gefe ɗaya a goge. Na taɓa shi da zobe ya yi ƙara. Gilashin taga. Na naɗe shi a hankici na sa a aljihu.

A Damagaram na sauka a zauren Malam Mamman a unguwar Zango. Mutanen gidan sun karrama ni fiye da yadda na cancanta. Tuwon gero da miyar kuka da man shanu har ya yi iyo, da safe kuma dogon burodin nan da kuke tambaya. Gaskiya ne ya kai kamu, kuma in ya kwana sai ka jiƙa shi a shayi kafin haƙori ya shiga. Abin da suka rasa ruwa ne. Mu da muka tashi kusa da kogin Challawa ba mu san tsadarsa ba. Ran farko na yi alwala da buta guda cur, na ɗago na ga duk zauren ana kallona. Malam Mamman ya ce, "Bakano, wannan butar ta mutum uku ce." Daga ranar na koyi yi da ɗan moɗa.

Motar da ta yi haɗarin tana tsare a harabar jandarma, wato 'yan sandansu, tare da kayan Yaya, kuma ba a shiga sai babbansu ya sa hannu, shi kuwa ya tafi rangadi. Kwana uku ina jira. A cikinsu na bi garejin garin ɗaya ɗaya da ɓallin nan a hannuna, ina tambaya ba da ladabi ba. A gareji na uku na sami wani tsoho da suke ce wa Muse Isufu, yana gyaran ƙofar mota. Na ajiye masa ɓallin a kan benci na ce, "Wane marar tsoron Allah ne a cikinku yake sa wa mota wannan?"

Ya goge hannunsa a hankali, ya ɗauka, ya kai shi wajen haske.

"Daga ina kake, samari?"

"Daga Kano."

"Na ji a bakinka. Ku Kanawa in kun zo gari sai ku fara da zagi, gaisuwa ta biyo baya." Ya bi gefen da babban yatsa. "Mu nan ba mu da mai yanka gilashi. In ya fashe, sai mu jira na Yamai, ko mutum ya yi ta tafiya ido a buɗe yana cin ƙura. Dubi bakin nan. An goge shi da dutse da ruwa, an kashe masa kaifi. Wanda ya yi wannan gwani ne. Aikin garinku ne."

Na ce ƙarya yake yi, yana kare 'yan uwansa ne. Ya mayar mini da ɓallin ya ce, "Allah ya jiƙan wanda ya mutu," ya koma kan ƙofarsa. Har yau ban ba wannan tsoho haƙuri ba.

Rana ta huɗu aka buɗe mana. Abin da na fara gani shi ne gilashin da Yaya ya je nema, a jingine da bango, a tsaye, cikin tabarmar da ya naɗe shi da ita, da irin ƙullin igiyarsa. Tabarmar ta yi baƙi ta gefe ɗaya, ban tambayi dalili ba. Na kwance. Firam ɗin tagulla, danƙo launin zuma a gefe, shi ne sak wanda Alhaji yake so. Ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, layi guda, amma ko ɓarɓashi bai saki ba. Gilashin da ya shekara kusan talatin a rana ya riƙe kansa.

Wani mutum siriri ya taso daga inuwar motar ya miƙo mini hannu. Malam Mamman ya ce shi ne Ilu, direban. Ban karɓi hannun ba.

Ya ce, "Ni na hana su kwantar da gilashin nan. Marigayi ya ce a tsaye yake tafiya."

Na ce, "Ka san dokar gilashin wani, ba ka san abin da ke gaban idonka ba? Mutum nawa ka ɗauka a bayan wannan wuƙar?"

"Wallahi ban sani ba. Maigidana daga Kano ya sayo motar bara, aka sake mata fenti, aka ba ni. Yadda na same ta ke nan."

"Me ya kai shi gaba? Yaya ba ya zama a gaba."

"Bayan cike yake da buhunan kanwa. Masu lodi suka ce sai dai a kwantar da kayansa a sama a ɗaure. Ya ce a'a. Ya shigo gaba ya tsayar da shi tsakanin gwiwoyinsa."

Na ce wannan ma ƙarya ce. Mutumin da ke gane gilashin taga daga tsallaken titi ba zai zauna a bayansa ba. Muryata ta tashi har wani jandarma ya matso. Ilu bai ɗaga tasa ba.

"Ya gane shi. Tun kafin in tayar da inji ya ƙwanƙwasa shi da zobe. Ya ce in tsaya, zai sauka. Har ya buɗe ƙofa. Sai ya sunkuya ya dubi can ƙasa, wajen kusurwa, ya karta da farce. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ja ƙofar ya rufe, ya ce, 'Tafi a hankali. In mun isa Kano kada ka sauke kaya sai ka biyo ta Bompai, zan canja maka shi kyauta. Kada ka tambaye ni dalili, kuma kada ka yi maganar a gaban ƙanina.' Kai ne ƙanin, ko?"

Na taka na hau motar. Kusurwar fasasshen gilashin gabanta tana nan a cikin roba, ba ta faɗi ba. Na goge ƙurar da yatsa. Layi biyu.

Ga wurin da nake tsallakewa. Shekarar da ta wuce kurkunu ya kwantar da Yaya wata biyu a Sharada, ni kaɗai ne a rumfa. Kakar gyaɗa ce, gilashi bai zo daga Ikko ba, motoci suna tsaye. Direbobi suka riƙa zuwa suna roƙo, suna cewa iyali na jira, ka sa mana ko mene ne mu lallaɓa. Na sami gilashin taga mai kauri, na yanka, na goge bakinsa da kyau, na sa wa mota uku. Na ce wa kowanne na wucin gadi ne, ya dawo bayan wata guda. Ba wanda ya dawo, ni ma ban bi su ba. Ban gaya wa Yaya ba. Alamar kuwa ban ma san na karta ba, hannu ne ya saba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a cikin motar ba. Da na sauko na miƙa wa Ilu hannu. Ya karɓa. Na yi fushi da kaina, wannan ba sai an faɗa ba. Amma na yi fushi da Yaya ma, kuma har yanzu bai huce ba. Ya buɗe ƙofa. Ƙafarsa ɗaya tana waje. Da ya sauka ya jira wata mota, ya zo Bompai ya wanke ni da mari a gaban kowa, da yau yana zaune a rumfa. Ya ga dai in ya bar motar nan ta tafi ba zai sake ganinta ba, sai ya zauna don ya kai ta da kansa ya gyara ɓarnata ba tare da na ji kunya ba. Ban roƙe shi ya rufa mini asiri da wuyansa ba.

Dawowa ba ni da abin faɗa da yawa. Na zauna a baya a kan buhu, gilashin Alhaji a tsaye tsakanin gwiwoyina, kwana biyu. A iyaka wani ma'aikaci ya sa na kwance shi, ya ga tsagar, ya kira abokinsa suka yi ta shawara ko fasasshen gilashi kaya ne ko shara. Daga baya ya ce, "Wuce. Ku Kanawa ba abin da ba ku saya."

Na kai shi Dorayi. Alhaji Sule ya yi mini ta'aziyya a tsaye a ƙofar gida. Da na fara kwance igiya ya ce, "Af, ai ba ka ji ba? Na ga abin ya ja lokaci, na rabu da motar. An cire injin an kai Kumbotso ana niƙa da shi." Na ɗaure igiyar yadda take. Na ce, "Allah ya amfana, Alhaji." Ban yarda na ƙara kalma ɗaya ba, don na san wadda za ta biyo baya. Gilashin yana bayan rumfa a tsaye. Mutum biyu sun taya, ban sayar ba.

Daga nan na wuce Sharada. Inna tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata kabarin, da mai gari, da tsohuwar da ta ba da likkafani. Ta ce, "Wane ne ya sa gilashin?" Na ce, "Ni ne, Inna." Na faɗa mata duka, har maganar da ya yi wa direba. Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Na jira ta tsine mini, ko ta yi kuka. Sai ta ce, "Mota nawa ka yi wa haka?"

"Uku."

"To me kake yi a durƙushe a nan?"

Ta biyu na same ta a Fagge bayan sati biyu, tana lodin fata. Direban ya ce gilashinsa lafiya lau yake, ba ya son canji. Na ɗauki guduma na fasa shi a gabansa, na nuna masa abin da ya zube a kan kujerarsa, sannan na sa masa na gaske. Ya zage ni da farko, da ya ga abin da ya zube sai ya daina.

Ku direbobi da kuke ta tambayata labarin burodi, ga abin da nake so ku riƙe. Babbar mota ce, lokacin da na gan ta ja ce, tana da kan katako, an ce tana bin hanyar Nguru, mai yiwuwa an sake mata fenti. Ku duba kusurwar ƙasa ta gefen fasinja. Ta ukun ke nan, kuma ban same ta ba tukuna.